Yaya Basiru, Na Mayar Da Jar Motar

Zuwa ga Yayana Basiru, ɗan gidan Alhaji Garba mai goro na Djougou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a duk garin da kake a ƙasar Italiya, ko a wata ƙasar idan ka tashi daga can. Ƙanwarka ce Zuwaira, daga Ladjifarani a nan Parakou. Na rubuta ta a fili inda kowa zai karanta, don ba ni da adireshinka, kuma lambar da ka bar mana ta daina shiga tun bayan rasuwar Inna. Ina roƙon duk wanda ya gani, idan yana da ɗan'uwa a can, ya tura masa. Wataƙila daga hannu zuwa hannu ta iso gare ka.

Yaya, Baba yana raye. Da wannan zan fara, don na san shi za ka fara tambaya.

Amma ba Baban da ka bari ba ne. Ciwon ƙoda ya kama shi. Da farko ƙafafunsa ne suka kumbura har takalmin Juma'arsa ya ƙi shiga, yana ta ce mana zama ne ya yi masa yawa. Da numfashi ya fara yi masa wuya muka kawo shi babban asibiti a Parakou, likita ya ce ƙodojin sun gaji, sai an riƙa yi masa wankin ƙoda da na'ura sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, har iya abin da Allah ya ba shi na kwana.

Na gyara masa ɗaki a gidana. Baban Hauwa, maigidana, da kansa ya sa masa fanka ya shimfiɗa masa darduma. Baba ya duba ɗakin ya sa mana albarka, sannan ya ce shi ba zai bar gidan Djougou ba. Ka san yadda yake kirana da sunan mahaifiyarsa. Ya ce, "Uwata, idan Basiru ya sauka ya tarar da ƙofa a kulle fa?" Na yi magana, Gwaggo Ladi da ke zaune da shi ta yi magana, liman ya yi magana. Abin da muka samu kawai shi ne zai taho Litinin da sassafe, ya kwana wurina har Alhamis, ana cire masa allura kuma ya kama hanyar gida, don ya yi Juma'a a masallacin unguwarmu.

Mun fara da taksin haya. Kai ka san taksin hanyar nan ba sai na faɗa maka ba. Ana cusa mutane kamar buhunan doya, mai kaza da kazarsa, mai jarka da jarkarsa. Nakan biya masa kujerar gaba shi kaɗai, duk da haka direba sai ya tsaya a kowane ƙauye ya ƙara kaya. Wata Alhamis muna komawa, jikinsa babu ƙarfi bayan wanki, amai ya zo masa a cikin mota kafin in ce a tsaya. Ya ɓata babbar rigarsa. Wata mata a baya ta toshe hanci tana magana da harshen Dendi, ta ɗauka ba ma ji. Baba ya naɗe rigar ya rufe wurin har muka isa gida.

Litinin da ta biyo baya ya ƙi fitowa daga ɗaki. Ya ce, "Ki bar ni, Uwata. Gara in tafi da mutuncina." Na durƙusa a ƙofar ɗakin ina kuka kafin ya yarda, ranar Alhamis, bayan fuskarsa ta kumbura har idanunsa sun shige ciki.

A nan na san dole sai mota.

Baban Hauwa kamiyo yake ja, wato babbar motar kaya, daga tashar Parakou zuwa arewa, yakan yi makonni ba ya gida. Shi ya koya mini tuƙi tun farkon aurenmu, a filin da suke ajiye manyan motoci, kana yi mini dariya kana cewa zan rushe katangar mutane. Ashe ranar amfaninsa na tafe. Na sayar da gwal ɗin aurena, na karyar da rabin atamfofin shagona, shi ma ya kawo abin da yake da shi. Abin da muka haɗa tsohuwar mota ɗaya zai saya. Idan muka yi kuskure babu kuɗin sake sayen wata.

Akwai wani dillali a Tourou, a bakin hanyar Djougou, yana jera irin motocin nan da suka yi aiki a Turai aka kawo, waɗanda muke kira venue de France. Na je da Malam Isufu, makanike abokin Baban Hauwa. Cikin duk abin da ke filin, biyu ne kawai hannunmu zai kai.

Ɗaya ta Japan ce, ruwan toka, irin wadda masu taksi suke ja. Fentinta ya ƙoƙe a saman, ƙofa ɗaya ba launinsu ɗaya da sauran ba, kujerun sun sha ɗinki. Ba wanda zai waiwaya ya dube ta.

Ɗayar kuwa, Yaya, sai ka gani. Ƙarama ce, irin wadda bayanta ke buɗewa sama gaba ɗaya har da gilashin. Ja ce, jan goron da aka fasa yanzu. Fitilunta a zagaye kamar idon yarinya, kujerun fata ne masu laushi, idan ka rufe ƙofa sai ka ji ta zauna daram, babu ƙarar gwangwani. Dillalin ya ce 'yar Italiya ce. Da na ji haka sai na tuna da kai.

Malam Isufu ya buɗe injin kowacce, ya saurara, ya leƙa ƙarƙashinsu. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ruwan tokar ba ta da kyan gani, amma ko a daji ta tsaya mai gyaran babur zai tayar miki da ita, kayanta kuma ko'ina akwai. Waccan injinta lafiya lau yau. Amma wayoyi sun yi mata yawa, ranar da ta ƙi tashi sai an nemo kaya daga Cotonou, wataƙila ma can babu." Na ce masa na ji, ruwan tokar za mu ɗauka. Ina faɗa idona yana kan jar.

Ba zan ɗora wa Baba komai da komai ba. Ni ma na so ta. Jininmu ɗaya da kai. Kana tuna yadda kake goge takalminka mai tsini sau biyu kafin ka fita, ko da kasuwa Inna ta aike ka? Kana tuna yadda kake ɗaukar gawayi ka zuba a dutsen guga don riga ɗaya tak, ka hana kowa zama kusa da ita? Inna takan ce, "Wannan yaron ko ruwa zai sha sai ya zaɓi kofi." Bangon ɗakinka cike yake da hotunan motoci da kake yankowa daga kalanda. Ranar da za ka kama hanyar Agadez ka riƙe hannun Baba a zaure ka ce, "Baba, ka daina hawa bayan babur. Daga can zan aiko maka da mota, wadda duk Djougou ba a taɓa ganin irinta ba." Ya yi dariya ya ce kai dai ka aiko da kanka.

Ranar Alhamis, bayan wanki, na ce wa mai taksin da muka ɗauka shata ya tsaya a Tourou, don Baba ya gwada zama a ruwan tokar, in ga ko ƙafafunsa za su samu wuri. Na riƙe shi ya shiga. Ya zauna, ya dubi rufin, ya ce ba laifi. Muna fito da shi sai dillalin, mutum ne mai yawan magana, ya nuna jar ya ce, "Alhaji, ga ta manya can, daga Italiya ta zo."

Baba ya tsaya. Ya ce, "Daga ina?"

Ya zare hannunsa daga nawa. Mutumin da bayan wanki ba ya iya taka ƙofar gida sai an tallafe shi, shi ne ya tafi da ƙafarsa har wurin motar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan rufinta, rana ta gasa ƙarfen amma bai ɗauke ba. Ya zagaya ta a hankali. Ya buɗe ƙofa ya sunkuya ya shaƙi cikinta. Sannan ya ce, ba da ni yake ba, ba da dillali yake ba, "Wannan ta sha iskar da Basiru yake sha."

Tun rasuwar Inna ban ga haƙoransa ba sai ranar.

Yaya, makon da ya biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Ina shago ina auna wa mutane yadi ina kuskure. Idan na tuna hanyar, dajin da ke tsakanin Bétérou da Partago inda za ka yi tafiya mai nisa ba ka ga rumfa ba, sai in ce ruwan toka, magana ta ƙare. Idan na tuna ranar da na durƙusa a ƙofar ɗakinsa ina roƙonsa ya fito, sai in ce me motar da ba ta lalacewa za ta yi mini idan mara lafiyan ya ƙi shiga? Na kira Baban Hauwa yana can hanyar Malanville. Ya ce, "Ni direba ne, motar da za ta kai ni ita na sani. Amma mahaifinki ne, kin fi ni sanin abin da ke riƙe da shi." Na yi istihara. Na so ƙwarai a ce kana kusa in tambaye ka, ko da na san wadda za ka nuna.

Na sayi jar.

Ba zan yi maka ƙarya ba, watannin da suka biyo baya su ne mafi daɗi da muka gani tun da ciwon ya fara. Nakan je Djougou ranar Lahadi in kwana a ɗakin Inna. Kafin in gama sallar asuba Baba ya riga ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya fesa turare, yana zaune a zaure da sandarsa yana jirana. Sai ya ce in bi ta gaban masallaci, kuma in tafi a hankali. Ya sauke gilashi yana ɗaga wa abokansa hannu. Na ji shi da kunnena yana gaya wa abokinsa Alhaji Sahabi, "Daga wajen Basiru take." Bai ce kai ka aiko ba, bai ce ba kai ba ne. Ni ma ban gyara masa ba.

A hanya yakan ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Yadda kakanninmu suke tasowa daga Gwanja da jakuna ɗauke da goro, su yada zango a Djougou, su yayyafa wa huhunan ruwa kada su bushe, har wani daga cikinsu ya ga wuri ya yi masa ya zauna. Ya nuna mini inda mahaifinsa ya ce tsohuwar hanyar ayari ta bi. Ya ce mu mutanen tafiya ne tun asali, shi ya sa bai hana ka ba. Ya ce kowane matafiyi a gidanmu ya dawo, ko da ya daɗe. Ya fara cin abinci. Likita ya dube shi wata rana ya tambaye ni ko mun canza masa magani.

Motar kuwa ta fara nuna halinta a ƙananan abubuwa. Gilashin gefen Baba ya sauka ya ƙi hawa, muka yi mako muna rufe shi da leda. Wata fitila ruwan ɗorawa ta riƙa kamawa a gaban sitiyari tana mutuwa da kanta. Malam Isufu ya duba ya ce ba abin da ya gani, amma hankalinsa bai kwanta ba. Na ce idan na samu sarari zan kai ta a duba da na'ura. Sararin bai zo ba.

Wata Litinin ce cikin zafin bazara. Tun Alhamis ba a yi wa Baba wanki ba, ruwa ya taru a jikinsa kamar yadda yake yi kowane ƙarshen mako, amma yana cikin raha. Mun wuce Partago, ba mu kai Bétérou ba, sai fitilar nan ta kama. Motar ta yi shaƙuwa sau biyu. Na samu na gangara da ita gefen titi, ta yi shiru. Babu hayaƙi, babu ƙara, babu wari. Na murɗa makulli, na sake murɗawa, har yatsuna suka yi zafi.

Waya ba ta kamawa a wurin. Wani mai babur ya tsaya, ya koma ƙauye ya ɗauko mai gyara. Mutumin ya buɗe injin, ya daɗe yana kallo, ya taɓa nan ya taɓa can, ya rufe ya ce mini shi bai taɓa ganin irin wannan ba, yana tsoron ya ƙara ɓata ta.

Rana tana hawa. Na fito da Baba na kai shi ƙarƙashin wata bishiyar kaju. Na shimfiɗa masa zanena na ce ya kwanta, ya gwada ya kasa, yana kwanciya numfashin yake tsayawa. Ya zauna ya jingina da bishiyar, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana wani irin kuka kamar ana hura ruwa da kara. Ba halin in ba shi ruwa ya sha da yawa, likita ya hana. Na jiƙa bakin mayafina ina goga masa a leɓe. Na tsaya tsakiyar titi ina ɗaga hannu biyu. Taksi suna wucewa a cike, direbobin suna nuna mini da hannu babu wuri. Yaya, na kira sunanka a dajin nan da ƙarfi, kamar kana bayan bishiyoyin.

Wata kamiyo ɗauke da gawayi ce ta tsaya. Direban da wasu maza biyu suka ɗaga Baba sama kamar kaya suka cusa shi gaba. Hularsa ta faɗi cikin ƙura, babbar rigarsa ta yi baƙi, takalmi ɗaya ya zame. Ina ganin idonsa yana kan jar motar da muka bari a gefen titi, har muka sha kwana.

Lokacin da muka isa asibiti leɓunansa sun canza launi. Suka karɓe shi da gudu, suka sa masa iska, suka ɗora shi a na'ura. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Allah ya sa da sauran kwana.

Ya yi kwanaki a gadon asibiti. Da ya fara magana sosai, na ce masa Malam Isufu ya jawo motar, wani ɗan ƙaramin abu ne na wuta ya ƙone, an aika Cotonou a nemo. Na faɗa da fara'a don in faranta masa. Ya dubi silin ya ce, "Mayar da ita, Uwata." Na ce Baba gyaruwa za ta yi. Ya ce, "Na ɗauka wani abu ce. Ƙarfe ne kawai. Ki karɓo waccan."

Na mayar da ita. Dillalin ya yi ta ƙorafi, daga baya ya karɓa ya ba ni ruwan tokar, don har lokacin ba wanda ya taya ta. Malam Isufu ya yi gaskiya, tun da na karɓe ta ba ta taɓa ƙin tashi ba. Ko sau ɗaya.

Amma ga abin da ya sa na rubuto maka.

Da aka sallami Baba na ɗauka zai ce Djougou. Bai ce ba. Ya shiga ɗakin da na gyara masa tun farko ya zauna. Alhamis ta zo, aka cire masa allura, na juya kan mota zuwa hanyar Tourou, ya ce, "Ina za ki? Mu koma gidanki." Abin da na yi ta roƙonsa a kai a da, yanzu ya ba ni shi ba tare da na tambaya ba, kuma wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Motar da na saya don doguwar hanya yanzu daga Ladjifarani zuwa asibiti kawai take zuwa. Yana shiga ya rufe ido. Ba labarin ayari, ba turare. Likita ya ce gwaje-gwajensa sun yi kyau. Abinci kuwa loma biyu yake yi ya ture kwano.

Makon jiya Gwaggo Ladi ta kira ni tana kuka. Baba ya aika mata ta buɗe ɗakinka, wanda ake sharewa kowace Juma'a tun tafiyarka, ta fito da rigunanka da takalmanka ta bayar sadaka. Ya kuma aika wa liman yana tambaya, mutumin da ya ɓace shekaru ba labari, yaushe ya halatta a yi masa sallar jana'iza. Na roƙi Gwaggo ta jinkirta. Na kira liman na roƙe shi ya ce wa Baba a dakata zuwa bayan Babbar Sallah. Ya yarda, amma ya ce mini ba zai iya riƙe dattijo fiye da haka ba.

Yaya Basiru, Yayana, ba mota muke so ba. Ba kuɗi muke so ba. Idan kunya ce ta hana ka kira don ba ka samu abin da ka je nema ba, na rantse maka da Allah ba wanda zai tambaye ka. Mutane da yawa sun dawo Djougou da rigar jikinsu kawai, iyayensu sun yanka musu rago. Idan a tsare kake, ka roƙi wani ya kira. Idan ba ka da lafiya, ka faɗa, ni na iya jinya yanzu. Idan ka yi aure ka haihu kana tsoron abin da Baba zai ce, ka turo hoton yaran, ka ga yadda zai rungume wayar. Idan fushi kake yi da wani a cikinmu, ka kira ka zage ni, zan saurara har ka gama.

Idan kuma wanda yake karanta wannan ba kai ba ne, wani ne da ya san ka, ya kuma san inda aka kwantar da kai, to don girman Allah ya gaya mana sunan garin. Za mu iya ɗauka. Rashin sanin ne ba ma iyawa.

Yanzu haka Baba yana tsakar gida a kan kujera. 'Yata Hauwa tana ta yi masa surutun makaranta, yana shafa kanta. Da kansa ya sa aka juya masa kujerar ta ba ƙofar gida baya.

Ya Allah, Kai ka san inda bawanka Basiru yake, a kan ƙasa ko a ƙarƙashinta. Idan yana raye, Ka tsare shi, Ka ciyar da shi, Ka sanyaya zuciyarsa, Ka sa wannan takarda a hannunsa tun Baba yana iya jin muryarsa. Idan ya riga mu, Ka yi masa rahama, Ka haɗa shi da Inna, Ka aiko mana da wanda zai faɗa mana gaskiya. Ka ba mahaifinmu sauƙi, Ka ba ni ƙarfin da zan ci gaba da riƙe shi. Amin, ya Rabbal alamina.

Gwaggo Ladi tana gaishe ka. Baban Hauwa yana gaishe ka. Hauwa, wadda ba ka taɓa gani ba, ta ce in gaishe da Kawu.

Wassalam.

Ƙanwarka da ke jira,
Zuwaira
Ladjifarani, Parakou